Yadda Adabin Turanci Ya Samu Gurbi a Jami'a

Ɗalibin da ya shiga jami'a domin digirin farko a adabin Turanci yakan zaci fannin ya daɗe tun zamanin Shakespeare. Tarihi bai nuna haka ba. Shekaru aru-aru Oxford da Cambridge suna karantar da adabin Girkanci da na Latin kaɗai. A ganinsu, Turanci harshen gida ne, wanda mai ilimi zai karanta waƙoƙinsa idan ya samu sarari.

Saboda haka, daga gefe fannin ya faro. A 1762 aka kafa wa Hugh Blair kujerar balaga da adabi a Edinburgh. A 1828 sabuwar Jami'ar Landan ta naɗa Thomas Dale farfesan harshe da adabin Turanci, na farko a Ingila. Daga nan kwalejojin mata da na leburori suka rungumi fannin, domin ɗalibansu ba su da Latin.

Mulkin mallaka ma ya ba shi ƙarfi. A 1835 Thomas Macaulay ya rubuta shawararsa cewa a karkatar da kuɗin ilimi a Indiya zuwa koyarwa da Turanci. Manufar ita ce samar da ma'aikata 'yan ƙasa masu tunani irin na masu mulki. Ta haka matasan Kalkata suka riƙa nazarin Shakespeare da Milton a aji tun kafin Oxford ta amince a yi digiri a kansu.

Sai a 1894 Oxford ta buɗe fannin, bayan doguwar jayayya. Masu adawa, irin su masanin tarihi Edward Freeman, sun kafe cewa ba a yi wa ɗanɗano jarrabawa. Don a rufe bakinsu, aka cika manhajar da tsohon Turanci da tarihin kalmomi. Cambridge ta biyo baya a 1917.

A Afirka kuwa, reshe ya juye da mujiya. Chinua Achebe ya bar karatun likita a Kwalejin Jami'a ta Ibadan ya koma Turanci da tarihi da ilimin addini. Yadda marubutan Turawa suka siffanta Afirka bai gamsar da shi ba, ya mayar da martani da Things Fall Apart a 1958. A 1968 Ngugi wa Thiong'o da abokan aikinsa biyu a Nairobi suka nemi a rushe sashen Turanci, a kafa wanda adabin Afirka zai zama cibiyarsa.

Akwai abin lura ga mai nazarin Hausa. Hujjar da ake kawowa a raina digirinsa, wato me za a koya a harshen da aka sha a nono, ita ce aka taɓa yaƙar Turanci da ita a ƙasarsa ta haihuwa. Abin da ya kawar da ita shi ne malamai da manhaja da littattafan nazari.