Hayaƙin Murhu da Huhun Matan Delhi

A shekarar 1977 Charles Fletcher da Richard Peto suka wallafa sakamakon shekara takwas da aka shafe ana auna numfashin ma'aikata maza a Landan. Sun nuna cewa ƙarfin huhu na raguwa da tsufa, taba sigari kuma tana gaggauta raguwar ga wasu masu shanta. Wannan ya ƙara kafa ɗaukar da likitoci ke yi wa ciwon toshewar huhu, cewa cutar namiji ce mashayin taba.

Alhali tun a 1959 Dokta Sivaramakrishna Padmavati ta ba da rahoton majinyata 127 a Delhi waɗanda ciwon huhu ya raunana musu zuciya, kuma mata na da yawa a cikinsu. Zarginta ya faɗa kan murhu: itace da busasshen kashin shanu, a ƙuntataccen ɗakin girki, safe da yamma tun ƙuruciya. Hayaƙin kan kumbura hanyoyin iska har su matse, ɓangaren dama na zuciya ya yi ta fama har ya gaza.

An daɗe ba a ba maganarta nauyin da ya kamata ba. A 1984 Mrigendra Raj Pandey ya nuna a ƙauyukan Nepal cewa tari mai daɗewa yana ƙaruwa gwargwadon sa'o'in da mace ke yi a bakin wuta.