Ciyar da Kwikwiyo: Bayani ga Masu Riƙe Kare a Giyawa da Kewaye

Gabatarwa

A Giyawa da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Goronyo, Wurno da Rabah, saboda aiki ake riƙe kare. Makiyayi na riƙe shi domin gadin garke, manomi domin tsaron gona da rumbu, mafarauci kuma domin fita daji da rani. Addinin Musulunci ya halatta riƙe shi saboda irin waɗannan buƙatu, ya kuma ɗora wa mai dabba haƙƙin cinta da shanta. Sai dai abin da muke gani a gidaje da dama shi ne a karɓo kwikwiyo tun bai isa yaye ba, a aje masa ƙanzo da ruwan dusa, in ya rayu ya rayu. Wanda ya rayu yakan tashi da yawon juji da kwata saboda yunwa, can kuma yake kwaso cututtukan da ke dawowa kan yaranmu. Wannan ne ya sa muka kawo bayani kan yadda za a ciyar da shi da abin da ake da shi a gida.

Daga haihuwa zuwa mako 3

Ana haihuwar kwikwiyo ido a rufe, ba ya buɗewa sai bayan kwana 10 zuwa 14. A wannan lokaci ba ya buƙatar komai sai nonon uwarsa. Mafi muhimmanci shi ne dakashi, wato nonon farko, domin a cikin yinin farko ne jikinsa ke iya ɗaukar kariyar da ke cikinsa. Kwikwiyo mai ƙoshi yakan yi shiru ya yi barci, nauyinsa kuma yakan ninka cikin kwana 10 ko kusa da haka. Wanda ke kuka ba yankewa, ko dai yunwa ce ko sanyi, musamman a lokacin hunturu. Karya mai shayarwa tana cin ninki biyu zuwa uku na abin da ta saba ci, saboda haka a ƙara mata abinci da ruwa.

Idan uwa ta mutu ko ta ƙi shayarwa

Nonon karya ya fi na saniya da na akuya maiƙo da sinadarin gina jiki, shi ya sa madara zalla ba ta ƙosar da kwikwiyo, takan kuma sa shi zawo. Idan ba a samu wata karya mai shayarwa ba, a haɗa kofi ɗaya na dafaffiyar madara da gwaiduwar ƙwai ɗaya da ƙaramin cokali na man gyaɗa, a ba shi da ɗumi bayan kowace awa 2 zuwa 3 a makon farko. A kwantar da shi rub da ciki lokacin ba shi, kada a rigingine, domin madarar kan sarƙe shi ta shiga huhu. Bayan ya sha, a shafa masa ƙasan ciki da tsumma mai ɗumi don ya yi fitsari da kashi, kamar yadda uwa ke yi da harshenta.

Yaye

Haƙora na fara fitowa a mako na 3 zuwa na 4. A nan ake fara zuba masa kunun gero mai ruwa-ruwa da aka dama da dafaffen ƙwai ko dakakken kifi a kasko marar zurfi, yana ci yana kuma shan nono. A riƙa ƙara kaurin kunun sannu a hankali. Muna ba da shawarar kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako 8.

Abincin bayan yaye

Idan aka auna da nauyin jikinsa, kwikwiyo na buƙatar kusan ninki biyu na abincin babban kare, alhali cikinsa ƙarami ne. Don haka ake rarraba masa: sau 4 a yini har ya kai wata 3, sau 3 har wata 6, daga nan sau 2. Tuwo ko shinkafa suna ba shi ƙarfi, amma ba su isa su gina tsoka da ƙashi ba. Ya kamata kimanin kashi ɗaya cikin uku na abincinsa ya zama nama, kayan ciki, ƙwai ko kifi, duka dafaffu. Ƙananan kifin da masunta ke kamawa a gulbin Rima da madatsar ruwa ta Goronyo sun wadatar, in an dafa an dake su da ƙayarsu ta yi laushi. Ana iya ƙarawa da dafaffen wake da kabewa. Nama zalla ma ba ya gina ƙashi. A dafa ɓawon ƙwai, a shanya, a niƙa shi lilis, a barbaɗa kaɗan a abincinsa. Alamar abinci ya isa ita ce a ji haƙarƙarinsa in an shafa, amma ba a ganinsu daga nesa. A aje masa ruwa mai tsabta a inuwa kullum, balle a zafin bazara.

Abubuwan da ba a ba kwikwiyo

Albasa da tafarnuwa: fadamun Wurno da Goronyo sun shahara da nomansu, ba kuma a rasa su a miyarmu, amma suna lalata jinin kare, ɗanyu ko dafaffu. A ɗebar masa tuwo kafin a zuba miya.

Goro, shayi da cakulan: suna da sinadarin da ke tayar da bugun zuciyar kare.

Dafaffen ƙashin kaza da manyan ƙayoyin kifi: suna tsagewa su soki maƙogwaro ko hanji.

Hatsi da ƙuli-ƙuli masu fumfuna: gubarsu na kashe hanta.

Ɗanyar hanta ko huhu da mahauta suka zubar, da mushe: ƙullin nan mai ruwa da ake gani a kayan cikin tumaki da shanu yakan zama tsutsa a hanjin kare, ƙwayayenta su fito a kashinsa, su shiga jikin mutum su yi masa irin wannan ƙulli a hanta. A binne irin wannan nama ko a ƙone shi.

Maganin tsutsa da allurar riga-kafi

Yawancin kwikwiyoyi na ɗaukar tsutsar ciki daga uwa, tun a ciki ko ta nono. Alamarta babban ciki da rama, kuma komai kyan abinci ba ya kama jiki sai an fitar da ita. Ana ba da magani a mako na 2, 4, 6 da 8, sannan kowane wata har wata 6, bisa awon malamin dabbobi. A riƙa kwashe kashinsa daga inda yara ke wasa. Allurar ciwon amai da zawon jini na farawa daga mako 6 zuwa 8.

Allurar ciwon haukan kare kuwa ana yin ta da ya cika wata 3, a kuma maimaita duk shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana haɗa wannan allura. Duk wanda kare ya ciza, ko da kwikwiyo ne, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira alama.

Kira

Muna kira ga uwayen ƙasa, hakimai, masu unguwanni da sarakunan fawa da su isar da wannan bayani ga jama'a, musamman kafin 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, wadda aka fara a 2007. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin dabbobi na ƙaramar hukumarsa, ko asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Ba a fafe gora ranar tafiya: karen da ake so ya yi gadi gobe, tun yana kwikwiyo ake ciyar da shi.