Ranar da 'Yan Midil na Bauchi Suka Bar Makaranta

Makarantun Midil da aka kafa a lardunan Arewa wajen 1930 na kwana ne, kuma En'e ce ke riƙe da su. Ita ke ba da tuwo, da sabulu, da bargo, da 'yan kwabban kashewa. Yaron da aka kawo daga Katagum ko Misau ko ƙauyukan Zungur, da ya shigo Midil ta Bauchi sai a ba shi gida, kuma kowane gida da shugabansa daga cikin manyan ɗalibai. Shugaban gida shi ke tada yara da asuba, ya raba shara, ya duba tsabta, ya kai ƙarar mai laifi. Sai dai ba yara ke zaɓensa ba. Malamai ke naɗa shi, kamar yadda sarki ke naɗa hakimi, don haka kunnensa ya fi karkata ga ofishin hedimasta.

Tsarin ya samo asali daga makarantun kwana na Ingila, ya ratso ta Kwalejin Katsina wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922. Can aka horar da Abubakar Tafawa Balewa daga 1928 zuwa 1933, ya dawo gida ya koyar a Midil har ya zama hedimasta. Mutum ne mai son doka da oda, ba ya wasa da ladabi.

A 1942 aka turo wa makarantar sabon malami daga Kwalejin Kaduna, saurayi ɗan shekara 22, Aminu Kano. Shi kuwa ya san yunwar ɗakin kwana ciki da bai, domin tun yana ɗalibi a Midil ta Kano ya ja 'yan uwansa yajin aiki kan ƙarancin sabulu da rashin kyan abinci. A Bauchi ya ja yara a jiki, yana shirya musu wasan kwaikwayo, yana barinsu su yi tambaya su yi musu. Wasu abokan aikinsa na ganin wannan ɓata yara ne.

Da tura ta kai bango, ɗaliban ba su bi ta hannun shugabannin da aka naɗa musu ba. Kokensu a fili yake: babu barguna, tufafin makaranta sun yi ƙaranci, kuɗin kashewa ba ya zuwa, abinci kuma sai a hankali. Suka haɗa baki suka fice, suka kama hanya a ƙafa. A zamanin da talaka ke tuɓe takalmi ya faɗi gaban hakimi, wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Sai da Sarkin Bauchi Yakubu na Uku da Malam Aminu suka bi bayansu aka lallashe su suka dawo, kuma da aka bincika aka tarar yaran suna da gaskiya.

Iskar da ke kaɗawa a gari ma ta taimaka. Sa'adu Zungur, ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba a Legas, ya dawo gida daga Zariya, kuma a 1943 aka buɗe Majalisar Taɗi ta Bauchi, inda shi da Aminu da Balewa ke muhawara kan mulkin En'e a gaban jami'an Turawa. Da wuya a ce labarin abin da malamai ke faɗa a can bai iso ɗakunan kwana ba.

Majalisar ba ta yi tsawon rai ba, hukuma ta rufe ta da tambayoyi suka fara taɓa sarauta. Balewa ya tafi karatu Landan a 1945, Aminu ya bi shi a 1946, da ya dawo kuma aka ɗauke shi daga Bauchi zuwa makarantar horon malamai ta Maru a lardin Sakkwato.