Juma'ar Damagaram ta 2015: Wa Wutar Ta Ci?



Ya kai ɗan uwa mai karatu, yau za mu waiwayi kwana biyu daga tarihin ƙasarmu waɗanda da yawanmu suka gani da ido, domin mu auna su da ma'aunin shari'a.

Asalin al'amarin daga Faransa ne. Bayan doguwar gwagwarmaya tsakanin gwamnati da cocin Katolika, dokar ƴan jarida ta 1881 ta bar ƙasar ba tare da laifin ɓatanci ga addini ba, dokar 1905 kuma ta raba addini da mulki. A wurinsu cin mutuncin mutum saboda addininsa laifi ne, amma yi wa addinin kansa ba'a ba laifi ba ne. A ƙarƙashin wannan inuwa mujallar Charlie Hebdo ta sake buga zanen ɓatancin nan na Danmak a 2006. Ƙungiyoyin Musulmi suka kai ta kotu a Paris, a 2007 kotu ta wanke ta.

Ranar 7 ga Janairu 2015 wasu ƴan bindiga biyu suka auka wa ofishinta, suka kashe mutum 12, har da ɗan sanda Musulmi. Ranar 11 aka yi gagarumin jerin gwano a Paris, Shugaba Issoufou Mahamadou yana cikin shugabannin da suka halarta. Ranar 14 mujallar ta fito da sabon zane a bangonta. Ka lura da wannan: mujallar da ta saba buga kwafi wajen dubu 60, a wannan karo ta buga sama da miliyan 7. Harsashin da aka ce zai rufe bakin ɓatanci shi ya kai shi inda bai taɓa zuwa ba.

Gwamnatin Nijar ta hana sayar da mujallar a ƙasa. Duk da haka ranar Juma'a 16 ga Janairu, cikin watan Rabi'ul Awwal na 1436, zanga-zanga ta ɓarke a Damagaram bayan an sauko daga masallaci. Aka ƙona cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, aka ƙona majami'u, aka farfasa shaguna da gidajen Kiristoci, ɗaruruwansu suka fake a barikin soja. Kashegari wutar ta isa Yamai, inda ƴan sanda suka ce an ƙona majami'u 45, tare da makarantar Kiristoci da gidan marayu. Mutum 10 suka rasa rayukansu a biranen biyu. Malamai suka fito a talabijin na ƙasa suna kira ga natsuwa, aka ayyana makoki na kwana uku.

To, wa wutar ta ci? Babu mai zane ko ɗaya a Damagaram ko Yamai. Wanda aka ƙona wa ɗaki maƙwabcinka ne, ɗan ƙasa irinka, mai yiwuwa bai taɓa jin sunan mujallar ba. Abin mamaki ma, ita wannan mujalla ta daɗe tana yi wa Annabi Isa (AS) da Paparoma ba'a.

Babu mai ce maka kada ka ji zafi. Son Manzon Allah (SAW) fiye da rai da iyaye da ƴaƴa sharaɗin cikar imani ne, kuma zuciyar da aka ci mutuncinsa ba ta motsa ba tana bukatar magani. Amma fushi dabam, hukunci dabam. Suratul An'ami, aya ta 164, ta tabbatar cewa ba a ɗora wa rai laifin wani. Suratul Hajji, aya ta 40, ta ambaci majami'u tare da masallatai cikin wuraren da Allah Yake karewa daga rushewa. Suratun Nisa'i, aya ta 140, ta umarci mumini ya ƙaurace wa majalisar da ake izgili da ayoyin Allah. Manzon Allah ya ba Kiristocin Najrana amana a kan rayukansu da dukiyarsu da wuraren ibadarsu. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, Sayyidina Abubakar ya hana rundunarsa taɓa masu ibada a ɗakunan ibadarsu, alhali kuwa a fagen yaƙi ake. In an hana haka a yaƙi, ina ga zaman lafiya?

Da Ƙuraishawa suka juya sunansa suna kiransa Muzammam, wato abin zargi, sai ya nuna wa sahabbai yadda Allah Ya kautar da zaginsu daga kansa, domin shi Muhammadu ne. Da mawaƙansu suka yi masa zambo, Hassanu ɗan Sabitu ya sa ya mayar musu da martani da waƙa. Ko a inda malaman fiƙihu suka tsananta, kamar Alƙali Iyal a ƙarshen littafin Ashafa da muke karantawa cikin azumi, magana ce ta alƙali da shaidu da bincike, a kan wanda ya aikata. Ba a taɓa miƙa hukunci ga taron jama'a riƙe da galan na fetur ba.

Saboda haka, in irin wannan rana ta sake zuwa, ga abin da yake wuyanka. Kada ka tura hoton ɓatanci a waya da sunan faɗakarwa, domin ka zama ɗan aiken mai shi. Ka tabbatar da labari kafin ka yaɗa. Ka bayyana ƙin amincewarka da baki da alƙalami, ta hannun malamai da hukuma. Ka riƙe ɗanka a gefenka bayan sallar Juma'a. In maƙwabcinka Kirista ya firgita, ka buɗe masa ƙofa, kamar yadda wasu Musulmi suka yi a waɗancan kwanaki. Sannan ka karantar da iyalinka tarihin Manzo da halayensa, domin mafi yawan waɗanda ba Musulmi ba ta halinka suke saninsa.

Allah Ya ƙara mana son Annabi da bin tafarkinsa, Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da Nijar lafiya. Amin.