Bayani kan kulle-kullen wayar salula da hanyoyin buɗe su

Wayar salula ta gwanjo da aka shigo da ita daga ƙasashen waje na iya kunnuwa lafiya lau a hannun mai sayarwa, amma ta ƙi karɓar layin MTN ko Airtel bayan mai saye ya isa gida.

A garuruwa irin su Dutsin-Ma da Kurfi na jihar Katsina, inda wayoyi da dama kan iso bayan sun bi ta hannun 'yan kasuwa a Computer Village ta Ikeja da kasuwar Farm Centre ta Kano, abin da aka saba faɗi shi ne wayar a kulle take, a kai wa mai gyara ya buɗe.

Sai dai kullen waya iri-iri ne, kuma kowane iri da mai riƙe da mabuɗinsa. Wani kamfanin sadarwa ne ya sa shi, wani kamfanin da ya ƙera wayar ne, wani kuma mai wayar na asali ne.

Sanin irin kullen da ke jikin waya shi ke nuna ko za ta buɗu, da kuma ko buɗe ta ya halatta.

Kullen kamfanin sadarwa

Tun da aka fara amfani da wayar GSM a Nijeriya a watan Agustan shekara ta 2001, akasarin jama'a sun saba sayen waya daban, layi daban. Wannan ya sa kamfanonin Tecno da Infinix da itel, masu wayoyi masu ɗaukar layi biyu, suka samu karɓuwa sosai, domin mutum kan so ya koma wani layin idan sabis ɗin ɗaya ya ɗauke.

A Amurka kuwa, kamfanonin sadarwa irin su AT&T da T-Mobile kan sayar da waya ne a kan rangwame ko biya kaɗan-kaɗan, sannan su kulle ta yadda ba za ta karɓi layin wani kamfani ba har sai an cika sharuɗɗansu.

Wayar iPhone ta farko, wadda ta fito a shekara ta 2007, da layin AT&T kaɗai take aiki a Amurka. A watan Agustan wannan shekara ne wani matashi ɗan shekara 17, George Hotz, ya yi suna a duniya bayan ya buɗe ta.

Hanyar da ta fi inganci ita ce kamfanin da ya kulle wayar ya buɗe ta da kansa. A wayoyin Android da yawa lamba ce ake bayarwa a shigar. A iPhone kuwa babu lamba: kamfanin sadarwar ne ke sanar da Apple, sai a sauya matsayin wayar a rumbun bayanansa.

Akwai kuma wani ɗan siririn faifai da masu gyara ke ɗorawa a kan sim domin yaudarar iPhone. Wayar na nan a kulle duk da haka, kuma dabarar na iya daina aiki idan aka sabunta manhaja ko aka sauya layi. Shi ya sa irin waɗannan wayoyi suka fi araha a kasuwa.

Abin da dokoki suka ce

Ƙasashe da dama sun taƙaita wannan al'ada ta kulle waya.

A watan Agustan shekara ta 2014, shugaba Barack Obama ya sa hannu kan dokar da ta sake halatta wa Amurkawa buɗe wayoyinsu, ko da yake ba ta hana kamfanoni kulle su ba.

Kanada ta hana sayar da waya a kulle tun daga 1 ga watan Disambar shekara ta 2017, yayin da hukumar Ofcom ta Birtaniya ta yi hakan a watan Disambar shekara ta 2021.

Ma'anar haka ga mai saye a Nijeriya ita ce, wayar da aka fara sayarwa a Birtaniya bayan wannan lokaci bai kamata ta zo da kullen layi ba. Wadda ta fito daga Amurka ce ke buƙatar bincike.

Kullen yanki

Wani lokaci kamfanin da ya ƙera wayar ne ke ƙayyade yankin da za a fara amfani da ita. Samsung ya soma haka a shekara ta 2013 da wayar Galaxy Note 3, inda ake buƙatar a fara yin kira na kimanin minti biyar da layin yankin da aka sayar da ita kafin ta karɓi layin wani yanki.

Akwai kuma bambance-bambancen da suke kama da kulle alhali na ƙira ne. Kowane kamfanin sadarwa da zangon da yake watsa sabis a kai, kuma wayar da ba a ƙera ta da zangon ba, ba za ta kama 4G ɗinsa ba ko da an buɗe ta.

Wayoyin da aka yi domin kasuwar ƙasar Sin yawanci ba su zuwa da manhajojin Google. Sababbin wayoyin Huawei ma sun rasa su bayan takunkumin da Amurka ta sa wa kamfanin a shekara ta 2019.

Haka nan, daga iPhone 14 ta shekara ta 2022, waɗanda aka yi domin Amurka ba su da gurbin sa sim kwata-kwata. Sai da layin eSIM suke aiki, wanda ake ɗora wa waya ta hannun kamfanin sadarwa.

Mene ne butloda?

Butloda wata 'yar ƙaramar manhaja ce da ke fara tashi da zarar an kunna waya. Aikinta kamar na mai gadin ƙofa ne: tana duba ko babbar manhajar da ke cikin wayar na ɗauke da sa hannun kamfanin da ya ƙera ta, kafin ta ba ta damar tashi.

Idan aka buɗe butloda, mai waya na iya cire Android ɗin kamfani ya sa wata, kamar LineageOS, wadda ta gaji CyanogenMod a ƙarshen shekara ta 2016. Masu yin haka galibi suna so ne su tsawaita rayuwar tsohuwar wayar da kamfani ya daina aika wa sabuntawa, ko su kawar da manhajojin da ke cinye mata wuri da caji.

Wannan na jan hankalin matasa masu sha'awar kwamfuta, irin waɗanda ake samu a garin da ke da manyan makarantu kamar Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a shekara ta 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita.

Sai dai buɗe butloda ba ya buɗe kullen layi. Wurare biyu ne daban a cikin waya, kuma wanda ya biya kuɗi a yi masa na farko da nufin ya samu na biyu ya yi asara.

Kamfanoni ma sun yi ta toshe wannan ƙofa. Huawei ya daina ba da lambar buɗewa a shekara ta 2018. Xiaomi na sa mutum ya nemi izini ya jira kwanaki, kuma ya ƙara tsaurara sharuɗɗansa. Samsung ya cire damar daga manhajarsa ta One UI 8 a shekara ta 2025. Wayoyin Pixel na Google na daga cikin waɗanda aka fi sani da barin ƙofar a buɗe, ban da waɗanda aka saya ta hannun kamfanin Verizon.

Abin da ake rasawa

Da zarar an buɗe butloda, wayar kan goge duk abin da ke cikinta, daga hotuna har lambobin jama'a. An tsara haka ne domin kada ɓarawo ya bi ta nan ya kai ga bayanan mai waya.

Manhajojin banki da dama kan duba lafiyar waya ta hanyar tsarin Play Integrity na Google, kuma suna iya ƙin aiki a wayar da aka taɓa cikinta. Ga ɗan kasuwar da ke karɓar kuɗin ciniki ta waya, wannan ba ƙaramin cikas ba ne.

A wayoyin Samsung akwai alamar tsaro ta Knox, wadda ke sauyawa dindindin idan aka sa wata manhaja da ba ta kamfani ba. Ko an mayar da ta asali, alamar ba ta komawa yadda take, kuma wasu ayyukan tsaro na wayar sun tafi ke nan.

Kuskure wajen yi wa waya filashin kuma na iya hana ta tashi gaba ɗaya.

Kullen mai waya da kullen bashi

Apple ya ɓullo da kullen iCloud a shekara ta 2013, Google kuma ya kawo makamancinsa a Android a shekara ta 2015. Duka biyun na neman kalmar sirrin mai wayar na baya idan aka goge ta, kuma an yi su ne domin rage satar waya.

Wayar da ke neman adireshin imel na wani mutum da mai sayarwa bai sani ba, abar tuhuma ce. Karɓar kayan sata laifi ne a dokokin Nijeriya, kuma jami'an tsaro kan bi sawun waya su kama wanda suka same ta a hannunsa, ko da kuwa saya ya yi.

Wani sabon kulle shi ne na bashi. Kamfanoni irin su M-KOPA da EasyBuy na ba da waya a biya kaɗan-kaɗan, kuma wayar kan kulle kanta idan aka yi jinkirin biya. Wanda ya sayi irin wannan waya a hannun wanda bai gama biya ba, ya sayi bashin wani ne.

Kowace waya na da lambar IMEI mai alƙaluma 15, wadda ake gani idan aka danna *#06#. Da ita ce kamfanonin sadarwa ke toshe wayar da aka ba da rahoton an sace. Birtaniya ta mayar da sauya wannan lamba laifi tun a shekara ta 2002.

Kullen da ba ya jikin waya

Mazauna Dutsin-Ma da Kurfi sun ga wani nau'in ƙayyadewar da babu mai gyaran da ke da maganinsa.

A watan Satumbar shekara ta 2021, zamanin gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da waɗannan biyu, a wani mataki na yaƙi da 'yan bindiga. Sai a watan Disamba aka ba da umarnin maido musu da sabis.

A irin wannan hali turakun sadarwa ne aka kashe, saboda haka wayar da ke buɗe da wadda ke kulle duk ɗaya suke.

Kafin a biya kuɗi

Gwajin da ya fi sauƙi shi ne mai saye ya sa layinsa a wayar a gaban mai sayarwa, ya yi kira, ya kuma kunna data ya ga ko tana kama 4G. Gwada layukan kamfanoni biyu ya fi gwada ɗaya.

Sannan a duba ko lambar IMEI da wayar ta nuna ta yi daidai da wadda ke jikin kwali, idan akwai shi.

A iPhone, shafin bayanan waya da ke cikin saiti na nuna ko akwai kullen kamfanin sadarwa.

Ya kamata kuma a goge wayar gaba ɗaya a sake kunna ta a nan shagon. Idan akwai kullen iCloud ko na Google, a lokacin ne zai bayyana.

Daga ƙarshe a karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago da lambar IMEI da kwanan wata. Ita ce shaidar da mai saye zai nuna idan daga baya ta bayyana cewa wayar na da mai ita.