Teluriyam da Aidin: Saɓanin da Ya Tona Asalin Tsarin Jadawalin Sinadarai

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi wata matsala da ta dami masana sinadarai daga 1869 zuwa 1932, wato matsayin teluriyam da aidin a jadawalin sinadarai. An yi nazarin ne ta hanyar bin tarihin gwaje-gwaje da alƙaluman da suka haifar. Maƙalar ta nuna cewa Mendeleev ya ajiye sinadaran biyu a inda ya dace, amma hujjarsa ba ta tsaya ba, kuma ba a samu hujjar gaskiya ba sai da aka san abin da ke cikin ƙwayar zarra.

Gabatarwa

Bayan taron Karlsruhe na 1860 a Jamus, inda Stanislao Cannizzaro ya fayyace hanyar tantance nauyin zarra, masana sun samu ma'aunin da za su dogara da shi. A kan wannan ma'auni Dmitri Mendeleev na Rasha ya jera sinadarai kimanin 63 a 1869, daga mara nauyi zuwa mai nauyi, ya lura cewa halayensu na maimaituwa zango-zango. Ya bar gurabe ga waɗanda ba a gano ba, har ya faɗi siffofinsu. Gano galiyam a 1875, sikandiyam a 1879 da jamaniyam a 1886 ya gaskata shi, kuma wannan nasara ce littattafan makaranta suka fi ambato. Abin da suka cika tsallakewa shi ne wurin da shi kansa ya taka dokarsa.

Inda nauyi ya gaza

Nauyin zarrar teluriyam 127.6 ne, na aidin 126.9. Da an bi nauyi, aidin ne zai riga zuwa, ya faɗa rukunin farar wuta da seleniyam, teluriyam kuma ya shiga cikin kulorin da buromin. Duk wanda ya san halin sinadaran nan ya san hakan ba zai yiwu ba, domin aidin ɗan gidan su kulorin ne a yadda yake haɗuwa da ƙarafa ya ba da gishiri. Mendeleev ya fifita hali a kan nauyi, ya sa teluriyam a gaba. Sai dai ya ɗora laifin a kan masu awo: a jadawalin 1869 ya rubuta nauyin teluriyam 128 da alamar tambaya, a na 1871 ya mayar da shi 125.

Bohuslav Brauner na birnin Farag ya shafe shekaru yana maimaita awon a shekarun 1880. Da farko ya samu abin da ya yi kusa da 125, amma da ya ƙara tace samfurinsa sai nauyin ya koma wajen 127.6. Awon ba shi da aibi ke nan. Kuma saɓanin bai tsaya nan ba: kobal ya ɗara nikel nauyi alhali yana gabansa, haka ma agon, wanda Rayleigh da Ramsay suka gano a 1894, nauyinsa 39.9 ne, fotasiyam da ke bin sa kuwa 39.1. A ganin wannan nazari, saɓani uku iri ɗaya sun wuce a kira su kuskuren ma'auni. Alama ce cewa akwai wani abu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyi, wanda shi ne ainihin mai tsara jerin.

Amsa daga cikin zarra

A 1911 Ernest Rutherford ya nuna a Manchesta cewa kusan dukkan nauyin zarra da cajinta mai alamar tarawa suna dunƙule a wata 'yar cibiya. Antonius van den Broek, lauya ɗan ƙasar Holan, ya kawo shawarar cewa lambar gurbin sinadari a jadawali daidai take da cajin cibiyarsa. Henry Moseley ne ya kai wannan magana ɗakin gwaji a 1913 da 1914. Ya riƙa harba elektiron a kan ƙarafa, yana auna hasken eksire da kowanne ke fitarwa, da farko daga kalsiyam zuwa tutiya, daga baya daga alminiyam zuwa zinariya. Ya tarar cewa tushen murabba'in saurin kaɗawar hasken yana hawa da taki guda daidai daga sinadari zuwa na gaba da shi, kamar matakalar bene. Nauyi ba ya irin wannan hawa. A wannan awo kobal ya tsaya a 27, nikel a 28, kuma jerin lambobin ya ba teluriyam 52, aidin 53.

Amfanin wannan ya wuce gyaran jeri. Mendeleev na iya hasashen gurbi, amma ba ya iya cewa gurabe nawa suka rage. Da wannan lamba, wato lambar zarra, aka iya ƙirga su: tsakanin alminiyam da zinariya, gurabe na 43, 61, 72 da 75 babu kowa a cikinsu. An samu hafniyam (72) a 1923, reniyam (75) a 1925, teknetiyam (43) a 1937, furometiyam (61) a 1945. Moseley bai ga ko ɗaya ba, domin an kashe shi a yaƙin Galifoli a watan Agustan 1915, yana da shekara 27. Rashi ne babba ga wannan fanni.

Saura tambaya guda: me ya sa teluriyam mai furoton 52, wato ƙwayoyin da ke ba cibiya cajinta, ya fi aidin mai 53 nauyi? Aisotof, wato zarrori na sinadari ɗaya masu nauyi daban-daban, da Frederick Soddy ya bayyana a 1913, da niyutiron da James Chadwick ya gano a 1932 su suka warware ta. Kusan kashi biyu cikin uku na teluriyam aisotof ne masu nauyin 128 da 130, masu niyutiron 76 da 78, alhali aidin tsayayyen aisotof guda gare shi, mai nauyin 127 da niyutiron 74. Halin sinadari kuwa daga elektiron ɗinsa yake fitowa, adadinsu kuma na bin furoton, niyutiron ba ruwansa.

Saboda haka wannan nazari ke ganin bai kamata malamin sinadarai ya gabatar da lambar zarra a matsayin abin haddacewa kawai ba. Ya fara ɗora wa ɗalibai alƙaluman 127.6 da 126.9, ya bar su su gwada jerawa da kansu, kafin ya ambaci furoton.