Turancin Baki da Turancin Takarda: Ɗan Kasuwa Bahaushe a Fatakwal, Anacha da Inugu

Wanda ya taɓa wuni a layin 'yan canji na titin Owerri da ke Inugu, ko a kewayen masallacin titin Bida a Anacha, ba zai ce Bahaushen kudu ba ya jin Turanci ba. Da buroka ake tayi, a surka da harshen Ibo, a sallama, kuɗi su shiga aljihu. Abin ya daɗe. Tun da layin dogo daga Fatakwal ya isa Inugu a 1916 domin kwasar kwal, aka kuma haɗa shi da na Arewa daga baya, shanu da wake da albasa suke gangarowa. Har Malam Umaru Altine, mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Ra'ayina shi ne, giɓin da ya rage ba a baki yake ba, a takarda yake.

Tsarin da Bahaushe ya zo da shi ya ginu ne a kan mutum. Abner Cohen ya nuna haka a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan: maigida ne ke sauke baƙo, ya tsaya masa lamuni, dillali ya karɓi la'ada, ba tare da an sa hannu a wata takarda ba. Cinikin ƙetare kuwa bai san fuska ba. Bankin da ya buɗe takardar lamuni, bisa ƙa'idojin da ƙungiyar 'yan kasuwa ta duniya mai mazauni a Faris ta sabunta a 2007, takardu yake dubawa, ba kaya ba. Idan rubutun ya dace zai biya, ko da abin da ke cikin kwantenar bai kai yadda aka yi alkawari ba.

A ɗauki haruffan FOB da CIF, daga jerin sharuɗɗan da wannan ƙungiya ta fara fitarwa a 1936. A FOB, mai sayarwa ya sauke nauyinsa da zarar an loda kaya a jirgi. Kuɗin dako da inshora na mai saye ne. A CIF, mai sayarwa ne ke biyan dako da inshora har tashar Onne, kusa da Fatakwal. Nan ne tarkon yake. Mai saye yakan ɗauka cewa kaya suna wuyan mai sayarwa har su iso, alhali haɗarin ya dawo kansa tun a tashar da aka loda su a Sin. Idan ruwa ya ɓata su, shi zai bi kamfanin inshora. Babu burokar da za ta warware masa wannan. Haka damarej, kuɗin da ke hawa kullum bayan ƙarewar kwanakin alfarma: da yawa ba sa sanin lissafinsa sai ejan mai fito da kaya daga tasha ya miƙo takarda.

Za a ce ai don haka ake ɗaukar ejan. Gaskiya ne, amma maigida na dā maƙwabci ne da ake haɗuwa da shi a sahun salla, kuma mutuncinsa ne jarinsa. Ejan fa? Mai kaya ba ya iya tantance aikinsa in bai karanta takardar lodi da Form M, fom ɗin shigo da kaya, da kansa ba. Maƙwabtansa Ibo sun gane haka da wuri; cikin ƙananan littattafan da aka riƙa bugawa a kasuwar Anacha a shekarun 1950 da 1960 akwai masu koyar da rubuta wasiƙar ciniki da rasit da yarjejeniya.

Saboda haka ban ga amfanin a fara wa ɗan kasuwa da nahawu ba. Kalmomin ba su da yawa, kuma galibinsu suna da 'yan'uwa a Hausa: kafin alƙalami, jingina, lamuni, la'ada, sari. A fara da wanda ya sani, sannan a nuna masa daidai inda ma'anar ta rabu, domin lamunin maigida yana ɗaga ƙafa idan kasuwa ta yi nauyi, na banki kuwa ranar ƙarewarsa a rubuce take. Wurin karatun ma akwai shi: bayan la'asar a harabar masallaci, tsohuwar inboyis a hannu, yaron shagon da ya gama sakandare yana karantawa, maigidansa yana tambaya.